YADDA AKE TSABTACE SILIN MOTA BA TARE DA AN ƁATA SHI BA

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Tsaskiya zuwa Dutsin-Ma, ko daga Safana zuwa Batsari ranar kasuwa, ya san yadda direbobinmu ke kula da motocinsu. Da sassafe za ka ga yaron mota da bokiti da tsumma. Ya wanke jikin mota, ya goge gilashi, ya kakkaɓe kujeru. Har taya sai ya watsa mata ruwa. Amma akwai wuri ɗaya da ba a cika tunawa da shi ba. Wurin nan shi ne saman kan fasinja, wato rufin mota na ciki, wanda ake kira silin.

In ka shiga mota gobe, ɗaga kanka ka duba. Za ka ga inda hula ta goga, da inda man gashi ya yi baƙi. Za ka ga shatin yatsu kusa da ƙofa. Za ka ga jar ƙura ta bi ko'ina. A wata motar ma yadin ya saki, yana reto kamar labule, yana taɓa kan mutane.

Sau da yawa ranar da direba ya lura da wannan dattin, ranar ce silin ke mutuwa. Sai ya sa yaro ya kawo ruwa da omo da buroshi mai ƙarfi, a dirje shi kamar ana wankin tabarma. Kwana biyu ko uku, sai yadi ya zazzago. An tafi neman gira an rasa ido. Silin ba ya son ruwa da yawa, ba ya son dirza. Wannan shi ne abin da za mu yi bayani a kai a wannan wata.

ME YA SA ZA A DAMU DA SHI?

Wani zai ce ai silin ado ne kawai, mota tana tafiya ko babu shi. Haka ne, tana tafiya. Amma wanda ya taɓa shiga motar da aka cire wa silin a watan Afrilu ya san bambanci. Ƙarfen rufi yana ɗaukar zafin rana, ya sauke shi a kan mutane kamar ɗakin kwano marar rufi. Silin ne ke tare wannan zafin. Shi ne kuma ke rage ƙarar iska da ta ruwan sama. A bayansa wayoyin fitilar ciki suke bi. A wasu motocin zamani, jakar iskar da ke kare kan mutum lokacin haɗari tana naɗe a gefensa, saman ƙofofi.

Akwai kuma batun lafiya. Ƙurar da ta taru a silin ba zama take yi ba. Duk lokacin da mota ta faɗa rami, sai ta zubo kaɗan-kaɗan, mutane su shaƙa. Fasinja sa'a ɗaya zai yi ya sauka. Direba da yaronsa su ne ke wuni a ciki kullum. Mai ciwon asma ko tari ya fi kowa jin jiki.

Sai batun kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kusan komai na mota ya ƙara tsada. Direban da ke fama da kuɗin mai da na taya, ga balas na mai mota, ba ya bukatar ƙarin kashe kuɗi a kan abin da hannunsa ne ya ɓata. In kuma aka zo sayar da mota, dillali yana ɗaga kai ya ga yadi na reto, sai ya sami abin karya farashi.

DA ME AKA YI SILIN?

Kafin ka taɓa silin, ka san irin wanda ke motarka. Iri biyu ne muka fi gani.

Na farko shi ne na leda. Ana samunsa a tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Ana samunsa kuma a bas-bas da yawa da masu ɗinkin kujeru suka sake wa rufi. Irin wannan ba shi da wuyar sha'ani. Leda ba ta shan ruwa. Tsumma mai laima da ɗan sabulu sun isa. Ka goge, ka bi da tsumma mai tsabta, ka bar shi ya sha iska. Abin kula kawai shi ne kada ka danna da ƙarfi, don tsohuwar leda tana bushewa, tana iya tsagewa. In kuma ledar mai 'yan ƙananan huji ce, kada ka bari ruwa ya shige ta hujin.

Na biyu shi ne na yadi, kuma shi ne mai matsala. Shi ke cikin Golf da Sharon da yawancin ƙananan motocin da ke jigila a ƙauyukanmu yau. In ka kalle shi za ka ɗauka abu ɗaya ne. A'a, hawa uku ne. Can sama akwai allo mara nauyi, wanda aka matse shi ya ɗauki siffar rufin mota. A ƙarƙashin allon akwai soso siriri, kaurinsa bai kai na fensir ba. A ƙarƙashin soson kuma sai yadin da muke gani. Gam ne ya haɗa su.

To, ka lura da wannan. Yadin kujera ɗinka shi aka yi, aka ɗaure shi da ƙarfe. Yadin silin ba a ɗinka shi da komai ba. Soson nan siriri da gam su kaɗai ke riƙe da shi, ga shi kuma a kife yake, nauyinsa yana jansa ƙasa dare da rana.

Soso kuwa yana tsufa. Duba tsohuwar katifar da ta shekara goma a ɗaki. In ka murza ta, sai ta riƙa zubar da gari ja-ja. Haka soson silin yake yi. Zafi da laima su ne ke saurin kashe shi. A ƙasar Katsina zafi kan kai digiri 40 a inuwa a watannin Afrilu da Mayu. Motar da aka rufe aka bari a rana, cikinta kan wuce digiri 60. Silin kuma shi ne ya fi kusa da ƙarfen da rana ke duka.

Ga kuma shekaru. Golf 3 da ta cika tashoshinmu, a 1991 aka fara ƙera ta a Jamus, kuma kafin shekarar 2000 an daina. Ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Ta gama aikinta a Turai, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, sannan ta zo ta fara sabuwar rayuwa a kan hanyoyinmu. Soson da ke silinta ya riga ya gaji tun kafin ta iso hannunka. Abin da ya rage masa ɗan ƙarfi ne kaɗan. In ka jiƙa shi, yadi ya yi nauyi, gam ya yi laushi, soso ya ruɓe. In ka haɗa da dirza, ka gama da shi.

Akwai gwaji mai sauƙi. Sa ɗan yatsa ka danna silin a hankali a wata kusurwa. In wurin ya lotsa ya dawo nan take, soson yana da rai. In shatin yatsanka ya zauna bai dawo ba, ko ka ji wani abu na ƙaras-ƙaras a ciki, soso ya mutu. Irin wannan kada ka sa masa ruwa ko kaɗan. Kakkaɓe ƙura kawai za ka yi, shi ma da lallashi.

Ku samari masu wankin mota a tasha da bakin rijiya, wannan gwajin naku ne. Kafin ka taɓa silin wani, ka gwada a gabansa. Ka nuna masa inda ya riga ya saki. In ba haka ba, yadin da dama saura ƙiris ya faɗo zai faɗo a hannunka. Kuɗin wankin da za a ba ka ba zai biya sabo ba, ga rigima, ga rasa abokin ciniki.

KAYAN AIKI

Ba sai ka je birni ba. Kana bukatar tsumma fari mai laushi guda uku ko huɗu. Tsohuwar singileti da aka wanke ta fi kyau. Kada ka ɗauki tsumma mai launi, irin guntun atamfa ko shadda mai rini, don yana iya zuba ya bar maka sabon tabo. Sai buroshi mai laushi ƙwarai, irin na fenti ko na goge takalmi wanda bai taɓa ganin man takalmi ba. Sai ƙaramin kwano biyu, da sabulu kaɗan. Sabulun ruwa na wanke kwanuka ya fi dacewa. In babu, omo kaɗan zai yi.

Ruwa kuma ya zama garai-garai. Ruwan tafki ko na gulbi mai laka, in ya bushe a farin yadi, zai bar zobe ja. In ruwan rijiyarku yana da duhu, ɗebo shi tun dare ya kwanta, ka tsiyaye na sama, ka tace da tsumma.

YADDA AKE AIKIN

Zaɓi rana mai iska, ka fara da hantsi. Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci kyau, don iskar a bushe take. In damina ce, kada ka fara da yamma ko in hadari ya haɗu. Kai motar inuwa, ka buɗe ƙofofi duka. Kada ka yi aikin a tsakar rana silin yana da zafi, don a lokacin gam ya riga ya yi laushi. Shimfiɗa buhu ko tsohon zane a kan kujeru.

Fara da busasshen aiki. Wannan matakin mutane ke tsallakewa, alhali shi ne rabin aikin. Jar ƙurar hanya in tana bushe, kakkaɓewa take yi. Da zarar ta haɗu da ruwa ta zama laka, ta shige cikin zaren yadi. Don haka ɗauki buroshi ka share silin a hankali, daga gaba zuwa baya, gefe ɗaya kullum. Ɗaure hanci da baki da ƙyalle. In ka gama, za ka ga wani silin ma ba ya bukatar komai bayan wannan.

Sai haɗa sabulu. Zuba ruwa kamar cikin gwangwanin madara biyu a kwano, ka ɗiga sabulu kamar rabin ƙaramin cokali. Kaɗa shi da hannu har kumfa ya taso. To, kumfan nan shi ne za ka yi aiki da shi. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ka bar shi a kwano.

Kafin ka shiga tsakiya, gwada a ɓoyayyen wuri. Bayan abin tare rana na gaban direba wuri ne mai kyau, ko can kusurwar baya. Shafa kumfa kaɗan, ka jira ya bushe. In launi bai canja ba, yadi bai kumbura ba, ci gaba.

Ɗebi kumfa da tsumma. Kada ka zuba komai a silin kai tsaye, a tsumma ake sawa. Dangwala a wurin datti, ka ɗaga, ka sake dangwalawa. Kamar yadda uwa ke share wa jariri fuska, haka za ka yi. In za ka shafa, shafa gefe ɗaya, da sauƙin hannu. Kada ka murza, kada ka yi zagaye da ƙarfi, don yadin zai yi gashi-gashi, kuma kana jan sa daga jikin soso. In gefen tsumma ya yi datti, juya wani gefen. In ka ci gaba da gefen da ya yi baƙi, dattin kake mayarwa.

Yi aiki kaɗan-kaɗan, wuri kamar faɗin faifai. Ka gama da shi sannan ka matsa gaba. Bayan kumfa, ɗauki tsumma na biyu, ka tsoma a ruwa mai tsabta, ka matse shi sosai har ya daina ɗiga ko da ka murɗa. Bi wurin da shi don ɗauke sabulu. Wannan ma yana da muhimmanci. Sabulun da aka bari a yadi yana da danƙo, kuma ƙura za ta manne masa. Mako biyu, wurin da ka wanke ya fi ko'ina baƙi. Daga nan sai tsumma na uku, busasshe. Danna shi a hankali ya tsotse laimar.

Ga ma'auni. In ka taɓa wurin da bayan hannunka ka ji sanyi-sanyi kawai, daidai ne. In hannunka ya jiƙe, ruwa ya yi yawa. Tsaya, ka tsane shi, ka bari ya bushe kafin ka ci gaba.

In tabo guda ne kake bi, fara daga bakinsa ka nufi tsakiya. In ka fara daga tsakiya, faɗaɗa shi za ka yi. Kuma tsohon tabo ba ya fita rana ɗaya. Gara ka yi masa sau uku a kwana uku, kana bari yana bushewa, da ka ce sai ka ga bayansa yau. Wani tabon ma ba zai fita duka ba, sai dai ya dushe. A ganina silin mai ɗan tabo wanda ke manne a wurinsa ya fi fari tas wanda ke reto.

In an gama, bar motar a inuwa, gilasai a buɗe, har ta bushe sarai. Kada ka rufe ta ka kai rana wai don ta yi saurin bushewa. Zafi da tururi za su haɗu a ciki, su dafa gam ɗin. Kada kuma ka ɗauki fasinja silin na da laima, ka bi hanyar ƙasa. Ƙurar farko da ta shigo a nan za ta zauna.

TABON MAI

Wannan shi ne ya fi yawa. Man gashi, man shafawa, gumin hula, da hannun makanike. Sai kuma manja da man gyaɗa ranar kasuwa, in an cusa jarka a bayan mota har tana taɓa sama.

In man sabo ne, kada ka fara da ruwa. Danna busasshen tsumma ko takarda mara rubutu ta tsotse abin da za ta iya. Sannan nemi gari mai laushi wanda ke shan mai. Sitaci yana yi, farar hoda tana yi. Garin rogo mai laushi ma yana yi, kuma mutanen Batsari ba sa rasa shi. Tun da silin a sama yake, garin ba zai zauna da kansa ba. Barbaɗa shi a tsumma, ka manna a wurin, ka riƙe na ɗan lokaci. Wanda ya manne ka bar shi kamar sa'a ɗaya, sannan ka share da buroshi. Ka share shi tas, don ragowar gari abincin kyankyaso ne. Bayan haka sai ka bi da kumfan sabulun wanke kwanuka, wanda dama don mai aka yi shi.

Fura da nono in sun fantsama, a bi su da wuri da ruwan sanyi da kumfa. In sun kwana biyu, tsami za su yi, warin kuma ya daɗe. Tabon goro da na lalle suna da taurin kai, don rini ne. In an same su da ɗanyensu, suna raguwa. In sun bushe sun shekara, sai haƙuri.

JINI

A ƙauye motar haya ita ce motar asibiti. Ita ke ɗaukar mai naƙuda da dare. Ita ke ɗaukar wanda ya yi haɗari. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi garuruwan da ke kewayen dajin Rugu, direbobi da yawa sun ɗauki masu rauni zuwa asibitin Dutsin-Ma ko na Batsari ko Katsina. Allah ya saka musu da alheri. Amma bayan an sauke majiyyaci, wanda zai wanke motar shi ma yana bukatar kariya.

Kada ka taɓa jinin wani da hannu tsirara, ko da ya bushe. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7, ko fiye. In akwai tsaga ko ƙurji a hannunka, tana iya shiga. Sa safar hannu ta roba. In babu, zura hannunka a leda biyu marasa huji ka ɗaure. Kada a ba ƙaramin yaro wannan aikin.

Jini da ruwan sanyi ake bin sa. Ruwan zafi dafa shi yake yi, ya kama zare, ba ya sake fita. Dangwala da tsumma mai laimar ruwan sanyi, sannan kumfa. In ɗigo ne ya ƙi fita, akwai ruwan wanke miki mai kumfa da ake sayarwa a kemis, wanda ake kira haidirojin. Ɗiga kaɗan a auduga ka dangwala. Amma gwada shi a ɓoyayyen wuri tukuna, don yana iya kashe launi. Wuraren roba da leda da ƙarfe kuwa, a goge su da ruwan bilic da aka sirka, kashi 1 na bilic da kashi 9 na ruwa. Tsumman da aka yi aiki da shi a ƙone shi ko a binne. Sannan ka wanke hannu da sabulu. In jini ya yi yawa har ya ratsa cikin soso, wanki ba zai kai can ba. A canja yadin.

YOYO DA FUMFUNA

In ka ga zobe mai ruwan ƙasa a silin, kamar taswira, wannan ba dattin fasinja ba ne. Ruwa ne ke shigowa daga sama. In ka wanke shi ba ka toshe hanyar ruwan ba, ruwan sama na gaba zai dawo da shi.

Hau ka duba. Wuraren da aka fi samun yoyo su ne gindin eriya, da robar bakin ƙofa, da robar gilashin gaba da na baya, da inda aka huda aka ɗaura kariya. Motar da ke da taga a rufi, 'yan bututun da ke fitar da ruwa daga tagar sukan toshe da ƙura. Lodi ma yana kawo yoyo. Buhunan gero da masara da ake jibgawa a saman ƙaramar mota suna lotsa rufi. Ruwa ya kwanta a lotsin, tsatsa ta ci, huji ya fito. Ban da haka, lodin da ya wuce kima laifi ne a wurin hukumar kiyaye haɗurra. In za a kai wa mai walda ya toshe hujin rufi, sai an sauke silin tukuna. Tartsatsin walda in ya sami soso, wuta ce.

Inda laima ta daɗe, fumfuna ke fitowa. Za ka ga ɗigo-ɗigo baƙi ko kore, da wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Agusta ne watanta. Rufe hanci, ka buɗe ƙofofi. Ruwan khal fari, wanda ake samu a manyan kantuna, yana taimakawa. Sirka shi da ruwa daidai wa daida, ka jiƙa tsumma, ka matse, ka dangwala. Warinsa zai tafi in ya bushe.

Warin taba kuwa silin ne ma'ajiyarsa, don hayaƙi sama yake tashi. Shi ne ke mai da farin yadi ruwan ɗorawa. Wannan sai an bi silin duka da kumfa, ba wuri ɗaya ba, in ba haka ba zai fito dabbare-dabbare. Bayan ya bushe, zuba gawayi a kwano ka ajiye a cikin mota ta kwana da shi, dare uku ko huɗu. Gawayi yana rage wari. Fesa turare a silin ba ya kashe wari, haɗuwa suke yi. Turaren mai kuma tabo yake bari.

ABIN DA BA A KUSANTAR SILIN DA SHI

Fetur da kananzir da tina. Makanikai suna wanke hannu da su, shi ya sa wasu ke ɗauka za su cire mai daga yadi. Za su cire, amma za su narkar da gam, su cinye soso. Mafi muni, tururin fetur a cikin mota ashana ɗaya yake jira, ko guntun taba, ko tartsatsin waya.

Bilic ma kada ya taɓa yadin silin. Zai bar fari-fari, ya ruɓar da zare. Kuma kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, ko da wani maganin wanki. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji, balle a wuri matsattse kamar mota. Kanwa da ruwan toka suna da kaifi, a bar su wa tukunya.

Sai injin fesa ruwa na masu wankin mota a birni. In ka kai mota wanki a Katsina ko Funtuwa, ka faɗa musu tun farko cewa kada bututun ya kalli sama. Minti ɗaya ya isa ya sauke silin da ya shekara 20 a wurinsa, ya kuma jiƙa wayoyin da ke bayansa.

IN YA RIGA YA ZAZZAGO FA?

Yadin da ke reto ba abin wasa ba ne. Yana tare madubin ciki, direba ba ya ganin baya. In gilashi a buɗe yake, iska na iya kaɗo shi fuskar direba yana cikin gudu.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su sayo gam su shafa, su manna. Ba ya riƙewa. Dalili kuwa shi ne a kan garin mataccen soso kake shafawa, kamar mai yaɓe a kan rairayi. Gam mai ruwa kuma yana ratso yadi, ya bushe ya yi tauri, ya bar tabon da ba ya fita har abada.

Don a lallaɓa zuwa wani lokaci, ana iya kafe yadin da ƙananan fil masu faɗin kai, a jera su layi-layi. Amma a kula. Fil ɗin ya zama gajere. Kada a soka kusa da fitila ko gefen ƙofofi, inda waya da jakar iska suke. A riƙa dubawa kuma, don wanda ya faɗo kan kujera zai soki mutum.

Gyaran gaskiya yana wurin masu ɗinkin kujerun mota. Za su kwance hannayen riƙo da fitila da robobin gefe, su zaro allon ta ƙofar baya. Sai su yaye tsohon yadi, su kankare mataccen soson tas har allo ya fito fes. Daga nan su shafa gam, su shimfiɗa sabon yadi mai sosonsa. In allonka ya karye, ana samun na hannu a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sai dai na hannun ma ka danna shi da yatsa kafin ka biya, don sa'ar motarka ne.

Abu biyu za ka tambayi mai gyara kafin ku yi ciniki. Na ɗaya, ko zai kankare tsohon soson duka. Na biyu, ko gam ɗinsa mai jure zafi ne, don gam na takalmi yana sakewa in bazara ta yi tsanani. In kuma motarka ta jigilar ƙauye ce, yau buhu, gobe kaji, jibi jarkar manja, ka ce ya sa maka leda maimakon yadi. Ba ta kai yadi kyan gani ba, kuma sai an sa mata soso a baya don zafi. Amma ita tsumma mai laima ya ishe ta duk ranar Juma'a.